Tafiyata bakin tekun Ingila, wurin tsofaffin kalmomin Turanci

Shekara 27 na yi ina koyar da Turanci a sakandare, biyar a Yauri, saura a Kano. In aka zo darasin salon magana, sai in rubuta wa yara irin su "taken aback" da "by and large" da "know the ropes" a allo, in ba su ma'ana, su haddace saboda jarrabawa. Wata rana wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wace igiya ce wannan da ake cewa mutum ya santa?" Na ce mata igiyar jirgin ruwa ce, domin haka na karanta. Amma a lokacin ko teku ban taɓa gani ba, balle jirgin da iska ke turawa. Tambayar yarinyar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Da na yi ritaya, ɗan yayata da ke aikin jinya a Landan ya bugo waya ya ce, "Kawu, kai dai ka nemi biza, kuɗin jirgi nawa ne."

Biza ta ci sama da fam 100, ban da zuwa Abuja ɗaukar hoton yatsu da zaman jira na mako uku. Da ta fito, na bar Kano da asuba a farkon watan Yuni, a motar haya daga Unguwa Uku. Shingayen 'yan sanda da na sojoji tsakanin Kano da Kaduna ba su riƙe mu ba, sai leƙe da ɗaga hannu. A Rigasa na shiga jirgin ƙasa zuwa Idu, daga nan tasi ta kai ni filin jirgi. Kilishin da uwargida ta tanada a gida ya tsaya, domin yaron ya gargaɗe ni cewa ba a shiga Ingila da nama. Kuka da daddawa da yaji ne kawai suka bi ni.

Tun kafin jirgi ya ɗaga na fito da littafina. Duk abin da ake faɗa a lasifika maganar ruwa ce: "aboard", "cabin", "crew", "captain". Shi kansa filin jirgin "port" ake kiransa, wato tashar jiragen ruwa, an dai jingina masa iska a gaba. Mu ma haka muka yi. Jirgi a wurin kakanninmu na ruwa ne. Da reluwe ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama, kuma har gobe direban mota tuƙi yake yi, alhali ba filafili a hannunsa.

Awa shida da 'yan mintuna muka sauka Heathrow. Layin masu fasfo irin nawa ya fi awa ɗaya. Jami'ar ta tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawa. Da na ce mata ina so in ga tsofaffin jiragen ruwa, ta ɗago ta dube ni, ta ce kada in bar ƙasar ban je Portsmouth ba, sannan ta miƙo mini fasfo.

Yaron yana zaune a Woolwich, gabashin Landan, a bakin kogin Thames. Unguwa ce da 'yan Najeriya suka cika, ga doya ga manja a shaguna. Washegari da safe ya tsayar da ni a gaban wata tsohuwar ƙofar bulo ya ce, "Kawu, ka ga inda Arsenal ta fito." Masana'antar makaman gwamnati ce a da, kuma ma'aikatanta ne suka kafa ƙungiyar ƙwallon a 1886. Na ce masa ai kalmar ta girmi wurin. Daga Larabci ta fito, darus sina'a, gidan sana'a. Mutanen Benis na Italiya suka ara suka raɗa wa wurin ƙera jiragensu na ruwa, daga can ta shiga Turanci. Sana'ar nan dai da muke faɗa kullum ita ce a bayan rigunan matasan Kano da ke cika gidajen kallon ƙwallo.

Greenwich ba ta da nisa, bas ɗaya ce. Gidan tarihin harkar teku kyauta ake shiga. A can na ga abin da ake auna gudun jirgi da shi a da: ɗan katako da aka ɗaura wa doguwar igiya, an ƙulle ta ƙulli-ƙulli, tsakanin kowane biyu ƙafa 47 da inci 3. A jefa katakon a ruwa, wani ya juya kwalbar yashi mai daƙiƙa 28, wani ya ƙirga ƙulli nawa suka zame ta hannunsa kafin yashin ya ƙare. Shi ya sa har yau jirgin ruwa da na sama da "knot" ake faɗin gudunsu, wato ƙulli. Katakon kuwa sunansa "log", littafin da ake rubuta sakamakon ya ci sunansa, kuma daga nan ne duk mai shiga Facebook yake yin "log in". A kan tudun da ke bayan gidan aka ja layin da ya raba duniya gabas da yamma. Tun ina yaro nake jin "agogon GMT" a rediyon mahaifina, ban taɓa kawowa a raina cewa "G" ɗin Greenwich ce, wata 'yar unguwa mai hawa da gangara ba. Layin nan in ka bi shi kudu, ta Mali da Burkina Faso zai ratsa, ya faɗa teku a Tema ta Gana.

Amsar yarinyar nan a bakin kogi na same ta. Akwai wani jirgin dakon ganyen shayi mai suna Cutty Sark, ƙirar 1869, an ɗaga shi bisa ƙarafa har mutum yana iya wucewa ta ƙarƙashinsa. Shiga ta ci kusan fam 20. Da na tsaya a samansa na ɗaga kai, sai na ga igiyoyi sun rufe sama kamar saƙar gizo, tsawonsu gaba ɗaya mil 11. Kowace da sunanta da turken da ake ɗaure ta. Wani dattijo mai aikin sa kai ya ce mini sabon matuƙi dole ya san kowace a cikin duhu, ana ruwa, jirgi yana tangaɗi, domin in ya saki wadda ba ita ba, ran mutane ne. Shi ya nuna mini da tafin hannunsa yadda iska ke juyowa ta bugi ƙyallen jirgi ta gaba, ta manna shi jikin itacensa, jirgi ya tsaya cak. Wannan shi ne "taken aback", abin da na yi shekaru ina fassarawa da mamaki kawai. "By" kuwa tafiya ce ana kusan fuskantar iska, "large" tafiya iska na turowa ta baya. Jirgin da ya iya duka biyun ya yi kyau ta kowace fuska. Na zauna a wani benci na rubuta komai, ina jin zafin rashin sanin inda yarinyar take yanzu.

Kwana biyu bayan nan muka kama jirgin ƙasa daga Waterloo zuwa Portsmouth, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Kana fita tasha sai ga teku. Na daɗe a tsaye ina kallonta. Kogin Kwara a Yauri yana da faɗi, amma wannan ruwan daban ne. 

Jirgin yaƙin Victory aka zo gani. An sa shi a ruwa a 1765, yana ɗauke da igwa 104, kuma a cikinsa Admiral Nelson, kwamandan rundunar ruwan Ingila, ya mutu a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805. Tun 1922 yake girke a busasshen rami. Mun tarar ana yi masa babban gyara, an lulluɓe tsakiyarsa, amma ana shiga. Ciki duhu, ga warin tsohon katako da kwalta, kuma duk hawan da ka sauka rufin yana ƙara matsowa, har a na ƙasa sai da na duƙa. Mutum sama da 800 ne suka rayu a nan. Kowa faɗin inci 14 aka ba shi ya rataye shimfiɗar kwanansa, bai kai kamu ɗaya ba. Na tuna ɗakin almajirai a daren sanyi, amma su aƙalla da safe suna fita.

A wurin murhun jirgin na fi daɗewa. Naman da suke ci mai gishiri ne daga ganga, in an dafa sai kitse ya taso. Kuku yana kwashe kitsen nan, ana kiransa "slush", in an iso gari a sayar wa masu yin kyandir, kuɗin a ajiye gefe. "Slush fund" ke nan, kalmar da jaridun Najeriya ke amfani da ita ga kuɗin da 'yan siyasa ke ɓoyewa don sayen mutane. Ashe kitsen saman tukunya ne. Akwai kuma gangar ruwan sha da ake hudawa a ajiye a tsakiyar jirgi, "scuttlebutt", inda matuƙa ke haɗuwa su yi gulma, har kalmar ta koma nufin jita-jita. Duk wanda ya taɓa bin layi a bakin famfon unguwa ba sai an yi masa bayani ba. Ɓangaren dama na jirgi "starboard" ne, domin jiragen farko da babban filafili ake juya su daga gefen dama, kamar yadda na sha ganin Sarkawa suna yi daga gindin kwale-kwale. Na hagu a da "larboard" ne, to a cikin hadari kunne ba ya rarrabe su, sai rundunar ruwan Ingila ta ba da umarni a 1844 a koma cewa "port".

Sai dai ba duk abin da ake faɗa a irin wuraren nan nake karɓa ba. Wani mai rakiya ya nuna wa yara farantin katako mai kusurwa huɗu ya ce daga nan aka samu "square meal", wato abinci mai ƙosarwa. Labari ne mai daɗin ji, amma masu ƙamus sun bi diddigi, a Amurka kalmar ta fara bayyana, shekaru da yawa bayan Nelson. Haka labarin "posh", wato na alfarma, wai harufan tikitin masu kuɗi ne a jiragen Indiya, har yau ba wanda ya fito da tikitin ko guda. Turawa suna son teku har suna ba ta kalmomin da ba nata ba, kamar yadda mu ma kowane gari sai mun ƙaga masa labarin yadda ya samu suna. Malami dai bai kamata ya kai wa yara abin da ba shi da tushe ba, komai daɗinsa.

Daga nan yaron ya koma aiki, na nufi arewa ni kaɗai. King's Cross zuwa York awa biyu ne, kuma tikitin jirgin shi ne abin da ya fi tsada a duk yawon. A York na ɓata hanya sau biyu saboda kalma ɗaya. Ina ta neman ƙofa don na ga an rubuta Stonegate da Coppergate, ashe a nan "gate" titi ne, ƙofar ganuwa kuwa "bar" suke ce mata. Mayaƙan da ake kira "Viking" na ƙasashen Denmak da Norwe ne suka ci garin a 866, suka bar kalmarsu ta hanya a kan tituna. Ganuwar garin tana nan tsaf, ana hawa ana zagaya gari a kanta. Na tuna badalar Kano da yadda ake yankanta ana gini, raina ya ɓaci.

Bas mai bene ta ɗauke ni zuwa Whitby a kan fam 3 kacal. Fiye da awa biyu muna ratsa tuddai marasa bishiya, sai tumaki. Rana ƙal muka baro York, amma muna gangarowa gari wani farin hazo ya taso daga teku ya rufe komai, da sanyi mai shiga ƙashi, a watan Yuni. Matar gidan da na kama ɗaki, fam 70 kwana ɗaya da karin kumallo, tana buɗe ƙofa ta ce, "Ee, tha looks nithered, love." Kalma ɗaya na gane a ciki, ita ce ta ƙarshe, kuma ita ta fi ba ni kunya, kafin daga baya in fahimci kowa haka suke ce masa, har ɗan sanda. "Nithered" wanda sanyi ya ƙandare ne. "Tha" kuwa shi ne "thou" ɗin nan da muke ce wa ɗalibai ya mutu tun zamanin tsofaffin littattafai. Ga shi da ransa a bakin mai gidan haya. Hazon ma yana da sunansa, "fret".

Da yamma na nemi soyayyen kifi da dankali, abincin da garin ya yi suna a kai. Sai da na tambaya a shago uku, domin da yawansu da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya. Na huɗu da man gyaɗa irin na kanti yake yi, fam 14. Kifin fari ne sol, ba ƙaya, amma da ba don yajin aljihuna ba da bai shiga ba. Salla ita ce wahalar arewa a wannan wata: isha sai kusan sha ɗaya na dare, asuba kafin uku, tsakaninsu kuma sama ba ta yin baƙi sosai.

Da safe na hau matakala 199 zuwa kangon tsohon gidan ibadar da aka kafa a 657, na leƙa gidan da Kyaftin Cook, shahararren matuƙin Ingila, ya zauna yana koyon aikin ruwa daga 1746, na sauko ta wasu siraran lunguna masu gangarawa bakin ruwa waɗanda mutanen garin ke kira "ghaut". A ƙarshen ɗaya daga cikinsu na tarar da wani tsoho zaune a kan akwati, cikin shuɗiyar rigar sanyi saƙar hannu, yana shirya igiyar tarkon ƙaguwa. Ba tef a hannunsa. Yana kama igiyar da hannun hagu, ya ja ta da na dama har hannuwan su buɗe iyakar buɗewa, ta ratsa ƙirjinsa, ya saki ya sake kamawa, leɓensa na motsi. Na tsaya kamar an dasa ni. Haka mai haƙar rijiyar unguwarmu yake auna igiyar guga tun ina yaro. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa da shi ba: gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku.

Da ya kai goma ya ƙulla, ya dube ni ya ce, "Ten fathom." Na ce masa a harshenmu gaba ne, na buɗe hannuwana na nuna masa, na gaya masa muna yi wa mai zurfin ilimi kirari da rijiya gaba dubu. Ya ajiye igiyar ya matsa mini gefen akwati. "Fathom" ƙafa shida ne, kuma a tsohon Turanci ma'anarsa buɗaɗɗun hannuwa, runguma. Da shi ake auna zurfin teku, a jefa dalma mai rami a gindi wanda aka cusa wa kitse, in an jawo a ga yashi ne ko laka ko tsakuwa ya manne, matuƙi ya gane inda yake ko da hazo ya rufe. Saboda haka in Bature ya ce ya kasa "fathom" wani al'amari, cewa yake igiyarsa ba ta taɓo ƙasa ba.

Mun fi awa muna hira, rabi ina ganewa, rabi sai ya maimaita. Jirgin mahaifinsa "coble" ne, mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake turawa daga kan yashi. Rigarsa "gansey". Yara "bairns", wasa "laik", rafi "beck", ba komai "nowt". Ya ce iska kaɗai tana da sunaye da yawa a bakin mahaifinsa, shi ya riƙe kaɗan, jikokinsa kuwa suna Leeds, in ya yi magana dariya suke yi. Bai faɗe shi da kuka ba, ya ci gaba da jan igiyarsa. Ni ne abin ya tsaya wa a wuya.

A daren nan na yi ta tunanin wani ɗan wannan yanki na Yorkshire, Joseph Wright. An haife shi a 1855, yana ɗan shekara shida yana korar jaki a wurin fasa dutse, daga nan masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai 15. Ya ƙare yana farfesa a Oxford, kuma bai ji kunyar harshen uwarsa ba. Ya tattara kalmomin ƙauyukan ƙasar a ƙamus mai juzu'i shida tsakanin 1898 da 1905. Bayansa jami'ar Leeds ta tura mutane ƙauyuka 313 daga 1950 zuwa 1961, suna zama da tsofaffi suna tambayarsu sunan kowane abu na gona da gida. Ko tsohon nan ya tafi, "nithered" tana rubuce. Mu kuwa har yanzu in ana neman tsohuwar kalmar Sakkwatanci ko Katsinanci, ƙamus ɗin Bargery na 1934 ake komawa. Shekara biyar na yi a Yauri ina jin sunayen kayan kamun kifi irin su taru da birgi da mamari da homa a bakin iyayen ɗalibaina, da wasu da dama da suka fi waɗannan, ban rubuta ko ɗaya ba, ina can ina koyar da igiyar jirgin da ban taɓa gani ba.

Juma'a a South Shields na yi ta, a bakin kogin Tyne kusa da Newcastle. Matuƙan Yaman sun fara zama a garin tun ƙarshen ƙarni na 19, suna aikin zuba gawayi a injinan jirage, kuma masallacinsu na unguwar Laygate shi ne wanda ɗan dambe Muhammad Ali ya ziyarta a 1977. Bayan salla wani dattijo jikan Yamalawa ya yi mini sallama da Larabci mai kyau, sannan ya juya ya ce wa jikansa, "Howay, pet, we're gannin hyem," wato taho mu tafi gida. Muka ci shinkafa da naman rago tare a wani shago, ya hana ni biya. Na ce masa "admiral" ɗin Nelson ma amir ne na Larabci, ya ce kakansa ya sha faɗa musu haka.

Dawowa ba ta da labari sai gajiya. Tsakanin Zariya da Kwanar Dangora ruwa ya tsuge, muka bi bayan wata tirela da aka lulluɓe kayanta da tamfol, kalmar da ita ma matuƙan Ingila ne suka ba mu, ƙyalle ne da suke shafa wa kwalta don kada ruwa ya ratsa. Na iso gida bayan magariba da littafi cike, shafi 41.

Washegari na nemo lambar wani tsohon ɗalibina na Yauri, ɗan masunta ne, yanzu yana koyarwa. Na tambaye shi tsohon da ke gyaran taru a bayan makaranta. Ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa, Malam, an yi shekara uku. Amma ƙaninsa yana nan, kuma bakinsa bai mutu ba." Na ce ya gaishe shi, ya gaya masa ina zuwa da sabon littafi. Ya ce in bari ruwa ya ɗauke tukuna, hanya ba ta da kyau.